Fentin da zai zauna a kan bambar roba ta MGB

Mai MGB: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da motar MGB ƙirar 1977, irin wadda aka fara sa wa baƙar bamba ta roba gaba da baya a ƙarshen 1974 domin cika dokar Amurka kan karon da bai wuce gudun mil 5 a awa ba. Ina son bambar ta zama launi ɗaya da jikin motar, amma fentin da aka fesa mata bara duk ya tsattsage. Wane firaima da wane fenti kuke ganin zan saya?

Mai Fenti: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wannan bamba foliyuretan ce, wato wani nau'in roba, da aka lulluɓa a kan ƙarfe, kuma tana lanƙwasa ko da gwiwa aka jingina mata, saboda haka duk abin da ya bushe ya sandare a kanta sai ya fashe. Galibi laifin na firaima mai kauri ne da bodi fila da ake laftawa kamar a kan ƙarfe. A kankare tsohon fentin da samfefa mai lamba 180, a bi da 320, kuma kada a kusance ta da maganin cire fenti mai ƙarfi, domin yana kumbura robar. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne man sheƙi mai silikon da aka yi shekaru ana shafa mata, wanda ke sa sabon fenti ya yi ƙananan ramuka tun yana ɗanye. Sai an wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi, an goge da ruwan tsabtace roba, an maimaita har ruwa ya daina dunƙulewa a kanta.

Bakanike: Oga, ashe ba za a fara fesa maganin kama fenti irin na Bulldog ba? Mu kam ba ma taɓa bamba sai da shi.

Mai Fenti: Wannan maganin ya zama dole a kan folifurofilin, wato robar bambar motocin zamani. Don tantancewa, sai Alhaji ya goga samfefa a bayan bambar: idan ta yi gari foliyuretan ce, firaima mai lanƙwasa irin na kamfanin SEM ya wadatar, idan kuwa ta narke tana danƙo to a nemi maganin.

Tsohon Direba: Ni da za a ji tawa, da an bar ta baƙa yadda kamfani ya fito da ita. Sai dai aikin yana yiwuwa, tunda motocin Pontiac GTO ta 1968 da Corvette ta 1973 sun fito da irin wannan bamba ta gaba da launin jikin mota.

Mai Fenti: Gaskiya ne, Baba. Fentin da ya dace shi ne yuretan mai hadina, wato sinadarin da ke sa fenti ya yi tauri, a zuba masa sinadarin lanƙwasa daidai da awon da ke jikin gwangwani, kuma duka su fito daga kamfani ɗaya. A fesa shi siriri-siriri, domin kaurin fenti shi ne mafarin tsagewa. A kwance bambar daga motar, a ɗora ta a kan katako yadda ba za ta karkace ba, a bar ta ta bushe a inuwa.

Mai MGB: Allah ya saka da alheri. Zan fara da gwajin samfefa kafin in sayi komai.