Neman shawara: Baba na so in kai shi wani coci a ƙauyen Normandi

Maman Hanifa (Caen):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Mahaifina ya zo mana daga Damagaram don ganin jikoki da kuma a duba masa gwiwa. Tsohon malamin asibiti ne, a ƙauyuka ya yi yawancin aikinsa har ya yi ritaya. Likitan da ke duba shi ne ya ba shi labarin wani ɗan ƙauye mai suna Angoville-au-Plain, kusa da garin Carentan a yankin Normandi na Faransa, tun daga ranar kuma ba shi da zance sai a kai shi.

Ga labarin a gurguje. A daren 6 ga Yuni 1944, lokacin da sojojin ƙawance suka sauka Normandi a Yaƙin Duniya na Biyu, wasu samari biyu Amurkawa masu jinyar sojoji, Robert Wright da Kenneth Moore, suka diro da laima kusa da ƙauyen, suka mai da cocin garin wurin jinya. Mutum 80 suka yi wa magani, nasu da Jamusawan da ake yaƙi da su, har da wani yaro na ƙauyen. Baba ya ce yana so ya ga ɗakin da idonsa.

Damuwata ita ce ba mu da mota, Baba kuma ba ya iya doguwar tafiya a ƙafa. Maigidana yana ɗari-ɗari da maganar shiga coci, ya ce in tambayi masu ilimi tukuna. Sannan an ce har yanzu akwai tabon jini a kan bencina, ga Hanifa shekararta 9, ƙaninta 6. In tafi da su ko in bar su gida?

Ɗan Agadas (Cherbourg):
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni kan hanyata ce, na sha bi. Ku hau jirgin ƙasan da ke zuwa Cherbourg daga Caen, ku sauka Carentan, bai kai awa ɗaya ba. Daga tasha zuwa ƙauyen 'yan kilomita ne, amma kada ki ce za ku taka da tsoho. Ki kira tasi tun ana gobe, ku yi ciniki ya kai ku ya jira ya dawo da ku, domin in ya sauke ku ya juya ba za ki sami wani a can ba. Ƙauyen gidaje ne kaɗan da gonaki da shanu. Ku riƙe ruwanku da abincinku. Ran Lahadi kuma ki manta da ita, mota na wuya, kuma za ku iya tarar da masu ibada.

In maigidanki na da lasisi, hayar mota ta yini ɗaya ta fi, ku bi babbar hanyar N13 kai tsaye. Mota na tsayawa dab da cocin, taku kaɗan Baba zai yi. Ni a buɗe na same shi, ba a karɓi ko sisi ba, sai akwatin taimako don gyaran gini. Duk da haka ki kira ofishin masu yawon buɗe ido na Carentan ki tabbatar kafin ku ɗauki hanya. Makon 6 ga Yuni cunkoso ake yi sosai, tsoho mai ciwon gwiwa ba zai ji daɗi ba.

Malam Na Tudun Wada:
'Yar'uwa, Allah ya saka wa maigidanki da alheri da ya ce a tambaya. Malamai sun yi saɓani kan shiga coci. Wasu sun karhanta saboda hotuna da mutum-mutumin da ke ciki, suna kafa hujja da maganar Sayyidina Umar da Bukhari ya kawo, cewa ba sa shiga majami'u saboda siffofin da ke cikinsu. Wasu kuma, musamman a mazhabar Hanbaliyya, sun halatta shiga matuƙar ba ibadarsu za a taya su ba. Ku ba ibada ta kai ku ba, ganin tarihi ne da ɗaukar izina, don haka ni ban ga abin da zai hana ba. Ku dai zaɓi lokacin da ba a addu'a a ciki. Salla kuwa, a wurinmu Malikiyya makaruhi ce a cikin coci. In azahar ta riske ku, ku shimfiɗa darduma a waje inda babu kaburbura, ƙasar Allah da faɗi.

Abin da mahaifinki ke son gani kuma ba baƙon abu ba ne a addininmu. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya. Da gawar Bayahude ta wuce Manzon Allah (SAW) ya miƙe, aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce ashe ba rai ba ne? Ki karanta wa maigidanki wannan. In zuciyarsa ba ta natsu ba, ya raka ku ya tsaya a waje, babu mai zarginsa.

Anti Ladi (Wusasa):
Ƙanwata, ni Kirista ce, bari in faɗa miki abin da za a yi tsammani daga gare ku. Ba a cire takalmi. Mayafinki ba matsala, mu ma iyayenmu da kallabi suke shiga. Maza ne al'ada ta ce su cire hula, sai ki gaya wa Baba tun a gida kada abin ya zo masa ba zata. In ya ga ba zai iya ba, ban zaci wani zai tare dattijo a kan haka ba. Ku sassauta murya, kada yara su hau wajen bagadi a gaba. Kyandir da ruwan bakin ƙofa na masu ibada ne, ba dole ku taɓa ba.

Wani abu da zai yi wa Baba daɗi: cocin da sunan Cosmas da Damian aka gina shi, 'yan'uwa biyu likitoci na farkon zamanin Kiristanci da aka sani da yin magani ba sa karɓar lada. Ginin ya yi ɗaruruwan shekaru da wannan suna kafin waɗancan samari biyu su shigo da majinyatansu.

Bazaberme Mai Hausa (Lyon):
Ni dai gaskiya abin na ci mini rai. Duk wanda ya zo Faransa sai a kwashe shi a kai shi ganin inda Amurkawa suka yi jarumta. Namu kakannin fa? A watan Yunin 1940 Jamusawa sun ware sojojin Afirka daga cikin fursunoni a Chasselay, nan kusa da mu, suka karkashe su. Maƙabartarsu na nan da jan katanga irin ginin Sahel, sau da yawa in na je ba kowa. Sojojin Afirka na cikin waɗanda suka sauka Provence, a kudancin Faransa, a watan Agustan 1944, da sanyi ya gabato aka janye su aka ba Turawa kayansu. Waɗanda suka nemi haƙƙinsu a sansanin Thiaroye da ke Senegal, sojojin Faransa suka buɗe musu wuta ran 1 ga Disamba na wannan shekarar. Dattijo daga Damagaram can ya kamata a fara kai shi.

Ɗan Agadas (Cherbourg):
Maganarka gaskiya ce Yaya, amma Lyon ina, Caen ina? Tsohon nan da sanda yake tafiya.

Sista Binta (Manchester):
Bazaberme, ni kakana ƙasar Bama (Burma) ya je yaƙi da rundunar Afirka ta Yamma, ya dawo ba wanda ya tambaye shi labari, don haka na san zafin da kake ji. Amma Baban Maman Hanifa ba sojoji zai je gani ba. Abokan aikinsa zai je gani. Ni ma jinya nake yi, kuma na shiga cocin nan.

Ƙarami ne ƙwarai, yana da sanyi da ƙanshin tsohon katako. Tabon yana kan bencina na wajen baya. Ba ja ba ne, duhu ne ya shige cikin katakon, in ba an nuna miki ba za ki iya ɗauka tsufa ne kawai. A tsakiyar ɗaki akwai dutsen daɓe da ya tsattsage, nan harsashin igwa ya faɗo bayan ya huda rufi alhali majinyata na kwance. Tagogin gilashi masu launi an yi su ne daga baya don tunawa da su.

Abin da ya tsaya mini shi ne yadda suka tafiyar da aikin. Da baro suke fita cikin harbi suna ɗauko mutane. Suka kafa doka cewa duk mai shigowa ya ajiye bindigarsa a ƙofa, ko na wane ɓangare ne. Ƙauyen ya yi ta sauya hannu. Da sojojinsu suka ja da baya, su biyun suka ƙi barin majinyata. Jamusawa suka shigo, suka ga nasu a kwance ana ɗaure musu rauni daidai da na Amurkawa, suka fita suka bar su da aikinsu. Duk wanda ya taɓa kwana shi kaɗai a asibitin ƙauye, magani ya kusa ƙarewa, mutane na kwance a ƙasa yana zaɓen wanda zai fara dubawa, ya san nauyin wannan daren. Ki ba Baba lokaci. Kada ki cika masa yini da gidajen tarihi, ki bar shi ya zauna a benci iya son ransa. Wright ya rasu a 2013, akwai ɗan dutse da haruffan sunansa a harabar cocin, sai ki nuna masa.

Yara kuma, ki tafi da Hanifa. Ki ba ta labarin tun a gida, ki ce wurin da aka ceci mutane ne, kuma kakanta irin aikin da ya yi ke nan. Ƙaramin zai gaji ne kawai. In dole sai da shi, Sainte-Mère-Église na kusa, inda aka rataye mutum-mutumin soja da laimarsa a hasumiyar coci don tunawa da John Steele, sojan da laimarsa ta maƙale a hasumiyar, ga gidan tarihin 'yan laima da jirgin sama a ciki. Babansa ya kai shi can, ku ku zauna da Baba.

Maman Hanifa (Caen):
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigida amsar Malam, ya ce zai yi hayar mota ya kai mu ran Asabar, shi da ƙaramin su wuce Sainte-Mère-Église su dawo su ɗauke mu. Maganar hula Baba ya ce ba komai, zai riƙe ta a hannu. Yaya Bazaberme, na gaya masa zancen Chasselay, ya yi shiru, sannan ya ce a gidansu ma akwai wanda aka ɗauka soja zamanin Faransa bai dawo ba. Yana so ya je ya yi musu addu'a kafin ya koma gida, in likita ya yarda da doguwar tafiya. Don Allah ka rubuto mini yadda ake zuwa daga tashar jirgin Lyon, da ko mota na iya kaiwa har bakin ƙofar maƙabartar.