Mun binne bututun hitar sola, damina ta shigo ruwa ya daina zafi

Maman Biyu, Jos: Assalamu alaikum. Hitar ruwa mai amfani da rana muka sa a kan rufin shagon baya, don can ne rana ta fi bugawa. Daga tanki zuwa banɗakinmu mita 20 ne, bututun ya bi ta ƙarƙashin tsakar gida. Da hunturu lafiya lau, sai an sirka ake wanka. Tun da ruwan Yuni ya kankama, da ƙyar yake zuwa da ɗumi, alhali in ka taɓa na bakin tanki ƙona hannu yake. Wa ya taɓa gamuwa da haka?

Mai Gyaran Famfo, Zariya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ko ban zo ba na san an naɗe bututun da soso an tura ƙasa a kai. Ni ma na yi wannan aikin a farkon koyona, maigidan ya kira ni bayan wata biyar na tone da hannuna. Soson ya sha ruwa sharkaf, ƙasa kuma ta danne shi ya zama kamar fata. Iskar da ke cikin soso ita ke riƙe zafi. Da ruwa ya maye gurbinta, jiƙaƙƙiyar ƙasa zuƙe zafin take yi tun kafin ya iso gida.

Yanzu ga yadda nake yi. Baƙin soson roba nake sawa, wanda ba ya shan ruwa, in manne duk tsagarsa da gam. Sai in zura bututun da sosonsa cikin babban bututun PVC mai inci 4, in toshe bakin nan biyu, su kuma fito waje daga ramin suna kallon ƙasa don kada ruwan sama ya shiga. Rami ƙafa biyu, yashi a ƙasa, yashi a sama. Kuma ba na yarda da mahaɗa a cikin rami, in da hali guda ɗaya nake ja daga farko har ƙarshe. Kafin a mayar da ƙasa sai na cika shi da ruwa ya kwana, na ga ba ya ɗiga.

Baban Asibiti, Kaduna: Mu namu gara ce. A ƙaramin asibitin da nake aiki ta cinye soson tas, ta bar mana bututu tsirara. Ɓera ma in ya samu bakin babban bututun a buɗe, ɗaki ya samu.

Injiniya, Kano: Malam na Zariya ya gama magana, ƙari biyu kawai. Kada a ɗauki PVC a sa ruwan zafi a cikinsa, da ya wuce digiri 60 yake fara laushi. Aikinsa rufi ne kurum. Koren bututun roban nan na ruwan zafi da ake kira PPR ya fi, amma yana miƙewa: mita 20 in zafi ya ƙaru da digiri 50 zai ƙara kusan santimita 15. In aka ɗaure shi tamau da siminti, a wurin lanƙwasa zai ɓalle. Na gani a gidan ƙanena.

Sannan Hajiya, ko an gyara, ruwan da ya kwana a bututu sai ya huce. Mai faɗin ciki milimita 20 yana ɗauke da sama da lita 6 a wannan tsawon. Ki tara shi a bokiti kafin mai zafin ya iso.

Dattijo, Yamai: 'Yata, mu nan tun shekarun 1970 muka san wannan hita, lokacin da Farfesa Abdou Moumouni yake jagorancin ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar. Tawa bisa rufin makewayi take, tiyon bai kai mita huɗu ba, ban taɓa haƙa rami ba. Ki sa a yi miki lissafi, wataƙila ɗauko tankin ya fi tonon tsakar gida sauƙi.

Maman Biyu, Jos: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An tone mita biyu jiya, soson kamar an tsamo shi daga rijiya. Baba na Yamai, na so bin shawararka, amma bishiyar mangwaron maƙwabta ta rufe rufin banɗakin daga azahar. Mun sayo mai inci 4, ranar Asabar za a fara.