Pavilion da mythology: ina neman Hausarsu kafin ƙarfe 4

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina fassara rahoton rediyo kan ɗaliban zanen gine-gine a Finland da suka ƙera ƙananan pavilion na katako, suka ɗauko siffofinsu daga mythology na ƙasar. Ɗaya an yi shi ne a kan Sampo, wani abin niƙa mai fitar da gari da gishiri da kuɗi, na cikin Kalevala, littafin waƙoƙin gargajiyar Finland. Kalmomin biyu sun tsaya mini a wuya.

'Yar Damagaram: Rumfa mana. Ginshiƙai, rufi, ba bango. Me ya rage?

Magini: Hajiya, ba duka ba. Wani gini mai suna Kupla da ke gidan namun daji na Helsinki, ɗalibi ne ya zana ta, aka gina a 2002, tsayinta mita 10, saƙar katako kamar kwando. Ka ce rumfa, mai sauraro ya hango mai tumatir a Yankaba. Ni dai "rumfar-gwaninta" nake cewa, na daɗe ina tallarta.

Malamin Hausa: Waccan ai hasumiya ce, ba ta cikin maganar. Kalma ta biyun, mythology, ita ce matsala. Kada ka kuskura ka ce tatsuniya. Tatsuniya da "ga ta nan ga ta nanku" take farawa, kowa ya san ƙirƙira ce. Su kuwa mutanen Finland, kakanninsu sun yarda da alloli irin su Tapio mai daji da Ukko mai tsawa. A jami'a tarihihi muke cewa.

'Yar Damagaram: Malam, wa ya san tarihihi a ƙauye? Hikaya ta fi.

Hausa Zalla: Hikaya Larabci ce! Kullum sai aro, kamar harshenmu maraya ne. Elias Lönnrot likita ne ɗan Finland, ya bi ƙauyukan yankin Kareliya yana rubuta waƙoƙin baka, ya fitar da Kalevala a 1835 da harshensu. Mu fa?

Magini: Kai da ka rubuto wannan da waya, "likita" Bahaushiyar kalma ce? Ku dai duba rumfar-gwaninta.

Mai Fassara: Jama'a, saura minti 20.

Malamin Hausa: To sa "almarar gargajiya". Ba ta cika ba, amma ta fi tatsuniya.

Mai Fassara: Na sa "ƙananan rumfunan katako" da "almarar gargajiya". Na gode.

Magini: An bar gwaninta ke nan. Allah ya kyauta.

Hausa Zalla: Almarar ma sai na bincika asalinta.