Ƙanena yana haɗa nokawut da kansa, jiya saura ƙiris. Yaya zan yi da shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Ƙanena ne, shekararsa 14, a hannuna yake tun rasuwar mahaifinmu. Bara ya fara sayen nokawut lokacin Sallah, da kuɗi suka gagara sai shi da abokansa suka koma haɗa nasu. Jiya bayan la'asar suka kunna wani da suka ɗura a guntun ƙarfe a lungun bayan gida, ya ƙi tashi. Ya je dubawa, ya sunkuya ke nan abokinsa ya kira shi, yana juya kai abin ya fashe. Girarsa ta hagu ta babbake, bayan hannunsa ya yi bororo. Guntun ƙarfen kuwa ƙyauren langa-langar maƙwabtanmu ya huda ya wuce, kuma hujin daidai tsayin kan ƙaramin yaro yake.

Yanzu yana cewa kunnen hagu yana masa ƙara, kuma ba ya jin magana sosai ta wajen. Maƙwabciya ta shafa masa makilin a hannun. Da na duba ƙarƙashin gadonsa na tarar da leda cike da sauran tarkacen, har da guda biyu da aka riga aka toshe. Ɗakin nasa jikin sito yake, inda jarkar fetur ɗin janareta take.

Abin da ya fi tayar min da hankali, ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi: "Yaya, lagwanin ne ya ja sanyi, na gano matsalar, na gaba ba zai yi haka ba."

Kunnen zai warke da kansa? Ledar nan yaya zan yi da ita? Shi kuma ta ina zan ɓullo masa? Ko akwai hanyar da zai riƙa yi ba tare da hatsari ba, tunda na ga ransa yana wajen?

Ma'aikaciyar jinya, Zariya: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ku tafi asibiti yau, kada ku jira gobe. Ƙara da raguwar ji bayan fashewa na iya zama dodon kunne ne ya huje. Sau da yawa yakan haɗe da kansa cikin makonni, amma sai likita ya leƙa ya gani. Kafin nan kada a ɗiga masa komai, ko man zaitun ko maganin kemis, kada a sa tsinken auduga, kuma ruwa kada ya shiga in zai yi wanka. Makilin ɗin a wanke shi a hankali da ruwa mai tsabta. Ba ya maganin ƙuna, haka ɗanyen ƙwai da manja da gishiri, wahala kawai suke ƙara mana wajen wanke ciwo. Abin da ya kamata a yi tun farko shi ne a sakar wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba. Kada a fasa bororon. Ki ce a duba idon hagun nan ko da bai yi ƙorafi ba, ƙura-ƙuran ƙarfe kan maƙale a ido yaro bai sani ba sai ya fara ja. Ki kuma tambaya game da allurar tetanus.

Baban Yara: Ki kira kawunsa ya zane shi son rai. Shi ke nan magana ta ƙare.

Ɗan Kurmi: Haba jama'a, wa bai yi wannan ba yana yaro? Mu har gasa muke yi a unguwa, ga mu nan da yatsunmu goma. Ki zuba wa ledar ruwa ki watsar a kwata, ki ƙyale yaro.

Malamin kimiyya, Katsina: Ɗan Kurmi, waɗanda ba su da yatsu goman ba sa zuwa su ba da labari da dariya. Maganar zuba ruwa kuma a yi hattara. Hajiya ba ta san abin da ke cikin ledar ba. Yara da yawa suna haɗawa da kabayid na masu walda, shi kuwa in ya ji ruwa iskar gas yake fitarwa, irin wadda ake yanka ƙarfe da ita. A ɗakin da ke jikin fetur, ka ga ruwan ya zama shi ne masifar.

Hajiya, ki fara fitar da jarkar fetur ɗin daga siton, ki buɗe tagogi, ki hana kowa shiga ɗakin. Guda biyun da aka toshe kada ki ɗauka, kada ki girgiza, kada ki ce za ki buɗe ki zubar da na ciki, wajen buɗewar ne goga ke tayar da shi. Ki tambayi yaron cikin lalama me da me ya sa, sannan ki je ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa ke da wani babba namiji, ku faɗa masu gaskiya. Su ne suka san yadda za a kwashe, ko wanda za a kira.

Tambayarki ta ƙarshe kuwa, amsata a'a. Babu hanyar yin wannan a ɗakin kwana ba hatsari. Irin wannan garin na nokawut ba sai ya ga wuta yake tashi ba. Goga kaɗan ta isa, bugu ya isa, wani ma tartsatsin nan da kike ji in kin cire rigar leda a hunturu ya ishe shi. Masana'antun da ke da lasisi a ƙananan rumfuna suke aiki, nesa da juna, kowace da ɗan kaɗan a ciki, da kayan aikin katako da tufafin auduga, don in ɗaya ta tashi kada ta ja saura. Duk da haka suna mutuwa. Garin Tultepec a Meziko sana'arsu ke nan kaka da kakanni, amma a Disambar 2016 kasuwarsu ta kayan wasan wuta ta tashi, sama da mutum 40 suka rasu. Su ma sun san lagwani.

Kuma ki lura da abin da ya ce. Bai ɗauka ya tsira ba, ya ɗauka ya ƙaro ilimi. Nan ne hatsarin yake, don na gaba zai fi wannan girma.

Dattijo, mai harba bindigar hawan Sallah: 'Yata, sannu da wannan tashin hankali. Ni tun ina saurayi nake cikin masu harbi a hawan Sallah, kuma albarushi ba baƙona ba ne. Ki gaya wa yaron nan in ji ni: wanda ya ƙi tashi ya fi wanda ya tashi mugunta. Mu in bindiga ta yi shiru, bakinta yana sama, ba mai leƙawa, ba mai hurawa, sai an daɗe. Wuta takan yi kwanton ɓauna a ciki. Kuma mu ba ma kwana ɗaki ɗaya da albarushi, ba a shan taba kusa da shi, yaro ba ya taɓawa sai ya yi shekaru yana riƙe wa manya kaya. Da duk wannan na ga bindigar da ta tsage a hannun mutum, har yau da hagu yake cin tuwo.

Duka ba zai yi ba, Baban Yara. In ka doke shi kangon unguwa zai koma da abin, inda ba mai gani. Ki kama hannunsa ki kai shi gaban ƙyauren nan, ki kira ƙaramin yaron gidan ya tsaya a jikin hujin. Kada ki ce komai. Ki bar shi ya kalla.

Maman Biyu, Agege: Wallahi na tuna gobarar Jankara a tsibirin Legas, washegarin Kirsimetin 2012. Sito ne na kayan nokawut ya kama, ya ci gine-ginen da ke kusa, mutane da dama suka jikkata. Na kamfani ke nan fa, ba haɗin yara ba.

Lauya, Kaduna: Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba. Dokar abubuwan fashewa ta 1964 ta hana haɗa irin wannan ba lasisi, kuma rundunonin 'yan sanda na jihohi kan sanar da hana nokawut lokacin bukukuwa, har wanda ake sayarwa a shago. A halin tsaron da Arewa ke ciki, yaron da aka kama da guntun ƙarfe a toshe da lagwani a jiki, ba wanda zai tsaya jin cewa na Sallah ne. Ki je da mai unguwa in za ki kai rahoto. Wanda ya kai kansa daban, wanda maƙwabta suka kai ƙara daban. Ƙyauren kuma ki gyara masu tun ba su tambaya ba.

Ɗan Kurmi: To, na janye maganar ruwan. Amma dai a nema masa abin yi, yaron da ke da irin wannan kan ba ya zama haka nan.

Malamin kimiyya, Katsina: A nan mun haɗu. Wajen mai gyaran sola ko mai naɗin kwayil, bayan makaranta. Ki kuma sanar da malaminsa na kimiyya, ya jawo shi jiki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun dawo daga asibiti. Dodon kunnen ya ɗan huje, sun ce mu koma a sake dubawa, idon lafiya lau. Mai unguwa ya raka ni, an zo an kwashe ledar. Baba Dattijo, na yi yadda ka ce. Ya daɗe a tsaye a gaban ƙyauren, da daddare ko abinci bai ci ba. Shi da bakinsa ya gaya min akwai wata ledar a gidan abokin nasa, ta fi tasa yawa, a saman silin ɗin ɗakin girki. Mahaifin yaron mutum ne mai zafi, ina tsoron in na faɗa ya illata shi.

Dattijo, mai harba bindigar hawan Sallah: Saman ɗakin girki? 'Yata, wannan ba ta kwana. Ki koma wajen mai unguwa yanzu, ku ɗauki limamin masallacinsu ku tafi tare, uban ba zai ɗaga hannu a gabansu ba. Kafin ku isa ki aika wa uwar yaron kada ta hura wuta.