Shagon da mahaifinmu ya bari a Kantin Kwari yana neman durƙushewa

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya shafe shekara 30 yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, tun lokacin da masaƙun Sharaɗa da Bompai ke aiki. Da wannan shagon ya aurar da mu duka, ya kuma kai mahaifiyarmu aikin Hajji sau biyu. Bayan rasuwarsa ni aka damƙa wa shagon. Yanzu kantocin da ke cike har rufi sun koma rabi, alhali ciniki bai tsaya ba. Ina mafita?

Wani dattijo: Wa alaikumus salam, ɗana. Uwar kuɗi kake ci ba ka sani ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, wato aka bar kasuwa ta yanke darajarta, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk wanda ya sayar da turmi bisa farashin da ya saro shi, ba bisa farashin da zai sake sarowa ba, riba yake gani a ido, kaya na raguwa a kanta. Nawa kake ɗiba kullum don cefane? Kana rubutawa?

Wata mai sayar da leshi: Malam, ka binciki yaran shago. Nawa yaron, wanda na riƙa tun yana ƙarami, yadi biyar yake yankawa a ce shida ne, sai da masu saye suka guje ni.

Mai tambaya: Hajiya, ƙannena ne a shagon, ba zan zarge su ba. Baba, mahaifinmu bai taɓa riƙe littafi ba, kuma bai karye ba.

Dattijon: Shi kaɗai ke sa hannu a aljihun shago, ku kuwa ku nawa ne? Ka yanka wa kowa albashi, har kai kanka, ka kuma daina ba da bashi daga yau.

Wani ɗan kasuwa: Alhaji, a nan ban yarda ba. 'Yan Maraɗi da Damagaram da bashi suke ɗaukar kaya, kuma ko da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023, nawa abokan cinikin sun biya ni daga baya. Wanda ya hana su bashi, maƙwabcinsa ya ba wa kasuwa.

Dattijon: Bashin da aka ɗauka kafin dala ta tashi, aka biya bayan ta ninka sau uku, shi ne biya?

Mai tambaya: Mutanen nan abokan mahaifinmu ne, kuma batun albashi mahaifiyarmu ba za ta so ji ba. Babu wanda ya san inda ake samun rance marar ruwa?