Likita ya ce a yi wa Baba gwajin FISH kafin kemo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba, mai shekara 63, ya yi wata uku da kaluluwa a wuya, ga zufar dare da rama. An yanki tsoka an auna, aka ce limfoma ce, wato ciwon daji na kaluluwa, nau'in DLBCL. Mun tattara kuɗin kemo, wato maganin ciwon daji, da ƙyar, sai likita ya ce yana son gwajin FISH tukuna, a duba sauyin ƙwayoyin gado. Dole ne a yi shi? Kuma kalmar gadon nan ta hana Umma barci: mu 'ya'yansa za mu gada ke nan?

Wani ma'aikacin ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ki kwantar wa Umma da hankali. Sauyin a cikin ƙwayoyin ciwon kaɗai ya faru, ba da shi aka haifi Baba ba, don haka ba ya bin jini zuwa gare ku.

Likitan yana neman ƙwayoyin gado biyu ne, MYC da BCL2. Ta farko tana ingiza ƙwayar ciwo ta yi ta hayayyafa, ta biyu tana hana ta mutuwa. Idan duk biyun sun goce daga mazauninsu, ciwon ya fi taurin kai, kuma haɗin magungunan kemo na R-CHOP da aka saba bayarwa sau 6, duk kwana 21, sau da yawa ba ya isa. Sai likitoci su duba haɗi mai ƙarfi kamar DA-EPOCH-R, in jikin mara lafiya zai ɗauka. Ba sai an sake yanka ba, tsokar farko tana ajiye cikin kaki, ita za a aika.

Wata da ta yi jinyar mijinta:
Ƙanwata, ki tambayi likitan kai tsaye: in sakamakon ya fito, zai canza magani? In ya ce eh, a daure a yi. Amma kar jiran sakamako ya cinye makonni, ciwon nan yana da gudu. Mu ana cikin jira aka fara zagayen farko na kemo.

Wani likita:
Gaskiya ta faɗa. Kuma sakamakon ba shi ne hukuncin ƙarshe ba. Ana haɗa shi da shekaru, matakin ciwon, yawan sinadarin LDH a jini da ƙarfin jikin Baba. Kafin a fara rituximab, ɗaya daga cikin magungunan haɗin nan, lallai a gwada shi ciwon hanta nau'in B, domin maganin yana iya tayar da wanda ya kwanta.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin za mu koma asibiti, na rubuta tambayoyin a takarda.