Dan Allah ku ba ni shawara, tsohuwar kujerar da na saya tana zubar da gari

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo. Ni tun ina yarinya nake son tsofaffin kujeru, akwai wata ta kakana mai lanƙwasasshen baya da nake hawa ina lilo da ƙafa, da ya rasu har yau ban san wa ya ɗauke ta ba, to tun daga nan abin ya zauna min a rai. Shekara shida kenan ina tarawa a hankali, yanzu guda tara gare ni, huɗu masu lanƙwasasshen katako da saƙa a mazauni, biyu masu hannu, biyu na teburin cin abinci, sai babbar da na zo a kanta. Maigida tun yana dariya har ya koma cewa falo ya zama sito, ranar nan ya yi tuntuɓe da ɗaya cikin dare kwana biyu yana ɗingishi yana harara ta. To wata uku da suka wuce na sayi doguwar kujera ta fata mai maɓallai a lotse, hannunta da bayanta tsayi ɗaya, wadda ake ce wa Chesterfield, wani dattijo ne ya sayar min ya ce ta kakansa ce ta haura shekara 100. Yanzu kullum na share ƙarƙashinta sai na ga gari, gobe ma ya dawo, kuma gefe ɗaya ya lotsa in ka zauna kamar za ka faɗa rijiya. Mai gyara ya ce a yaye komai a sa soso da sabuwar leda. Maigida ya ce ko a gyara ko ta fita kafin ƙarshen wata. Wlh bacci ma ba na yi sosai, ya zan yi?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata gara ce, ki fitar da ita yau kafin ta shiga ƙofofi da durowa. Ni haka ta cinye min kabad sai fenti kawai ya rage a tsaye, kuma na yi ta faɗa wa yaran nan su ɗaga shi daga jikin bango babu wanda ya ji, sai da ya rufta sannan kowa ya zo yana salati.

Alhaji Mai Tsohon Kaya: Hajiya ki yi haƙuri, ba lallai gara ba ce. Maman Biyu kada ki bari kowa ya taɓa kujerar nan tukuna, shekara talatin ina wannan harka, kuma abin da masu gyara suka kashe ya fi wanda ƙwari suka kashe. Ki shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashinta ki bar ta kwana uku. In garin fari-fari ne kamar na katako kuma kin ga ƙananan huji a ƙafafu, faɗin milimita 1 zuwa 2 kamar an soka allura, to ƙwaron katako ne, tsutsarsa tana yin shekara 3 zuwa 4 a ciki tana ci kafin ta huda ta fito, wato hujin da kike gani ƙofar fita ce. In kuma garin ruwan ɗorawa ne yana ɗan danƙo a yatsa, to soso ne ya mutu yake marmashewa. Kujerar da ta kai shekara 100 gashin doki ake cusa mata, da sifirin da aka ɗaure da igiya a kan ɗamarar buhu, soso sai wajen shekarun 1950 ya yaɗu a harkar kushin. Wane launi ne garin?

Maman Biyu: Alhaji ruwan ɗorawa ne gaskiya, har yana kama tsintsiya. Amma dattijon nan ba zai min ƙarya ba, mutum ne mai kamala, har idonsa ya kawo ruwa ranar da aka ɗora ta a mota.

Alhaji Mai Tsohon Kaya: Ban ce ya yi ƙarya ba, shi ma ƙila haka aka faɗa masa. Ki kifa ta ki duba sukurorin, in masu kan kuros ne to bayan shekarun 1930 aka ɗaura su, na da tsaga ɗaya ce a kansu. Ki duba yadin ƙasan kuma, da ƙananan ƙusoshi aka buga shi ko da waya irin ta sitefila? In sitefila ce magana ta ƙare. Chesterfield suna ne na fasali kawai, har gobe ana ƙera ta.

Kafinta Ne Ni: Alhaji da girmanka amma magana ba ta ƙare ba. Sau nawa na buɗe kushin na tarar da soso da sitefila a sama amma firam ɗin, wato katakon jikinta, tsoho ne tukuf, cike da ramukan tsofaffin ƙusoshi layi biyu layi uku, alamar an sha sake mata riga. Firam ake dubawa. Anti shawarata ki bari a sa soso mai kyau a ɗaure sifirin, fatar in ba ta tsage ba a mayar da abarta. Kujera dai don zama aka yi ta. Masu cewa gashin doki su faɗa miki wa zai yi aikin da kuma wata nawa zai ɗauka.

Alhaji Mai Tsohon Kaya: Fatar da ta bushe in ka cire maɓallan nan ba ta komawa yadda take, a kan lanƙwasar take tsagewa, kai ma ka sani.

Ƙanwar Kowa: Ni abin da ya tsaya min shi ne kujerar kakanki da aka ɗauke. Haka aka mana, mahaifiyarmu ta rasu ko wata ba a yi ba yayanmu ya kira mai sayen tsofaffin kaya ya kwashe kujerunta shida wai suna tara ƙura, bai tambayi kowa ba, yanzu shi ne yake turo mana hoton irinsu a intanet yana cewa ashe suna da daraja. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Anti Mai Ɗinki: Ki shafa mata kananzir ta ko'ina ki shanya a rana kwana biyu, komai zai mutu.

Alhaji Mai Tsohon Kaya: Subhanallahi, kananzir a fata, a falon da yara suke? Rana kuma ita ce take busar da fata ta fasa ta. Ko ƙwaro ne ma gidajen tarihi nannaɗe kaya suke a leda su sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili wajen sati ɗaya zuwa biyu. Nan kuma ba ƙwaro. Maman Biyu waɗancan huɗun masu lanƙwasa su na fi so in ji labarinsu, ki leƙa cikin zoben mazaunin ta ƙasa ko akwai tambari ko takarda a manne.

Maman Biyu: Akwai wata tsohuwar takarda mai rubutu a biyu daga ciki amma na kankare lokacin da na goge su da samfefa na shafa banish, ta yi baƙi ne tana wari. Ɗaya kuma tana girgiɗi na cika mahaɗar da gam mai haɗi biyu, yanzu ko motsi ba ta yi.

Alhaji Mai Tsohon Kaya: Innalillahi. Baiwar Allah takardar nan ita ce shaidar haihuwar kujerar. In ta Thonet ce mai lamba 14, wadda Michael Thonet na birnin Biyana a Austriya ya fitar a 1859, turara katakon ake da tururi a lanƙwasa, gunduwa 6 ce da sukuru 10 da noti 2, shi ya sa ake zuba guda 36 a warwatse cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe a tura ko'ina a duniya. In ta yi girgiɗi sukuru kawai za ki ƙara ɗaurewa. Kuma tun da haƙƙin ƙirarsa ya ƙare a 1869 wasu kamfanoni irin su Kohn suka shiga yin irinta, to ba takarda ta yaya za ki bambance? Gam na da, na fatar dabba, da ɗumi da ɗan ruwa yake sakewa a gyara, wannan naki sai dai katakon ya karye.

Maman Biyu: Alhaji ni fa ba don in sayar nake tarawa ba, kuma yara ne suke hawa da in bar ta ta karye da su gara gam ɗin. Kuma ai sun fi kyau yanzu, duk wanda ya shigo sai ya yaba. Ni tambayata a kan babbar ce kawai.

Hajiya Babba: Ni dai har yanzu gara nake zargi. Kuma ki bi mijinki a hankali, tara sun yi yawa a falo ɗaya.

Maman Biyu: Hajiya falon babba ne wlh, maigida ne bai kunna fitila ba. Kifa ta kuma sai mutum uku, in na kira mutane zai gane akwai matsala, sai dai in ya yi tafiya sati mai zuwa. Kafinta in an mayar da fatar ta tsage wa ke da asara?

Ƙanwar Kowa: Maman Biyu in za ki rage masu saƙar nan dan Allah ki fara min magana, ko mai gam ɗin ce ina so.